Tsukewar hanyar jijiyoyin baya: kurakuran da suka ci mana ƙafar Baba

Makon jiya wani maƙwabcinmu a Ƙofar Marusa ya tare ni, wai likita ya ce hanyar jijiyoyin bayan mahaifiyarsa ta tsuke, su kuwa sun gama shawara ba za a sa mata wuƙa ba. Shi ne na huɗu a bana, don an san na yi jinyar Baba. Na gaji da maimaitawa.

Ƙashin baya yana da rami da jijiyoyi ke bi su sauka ƙafafu. In shekaru suka haura 50 ramin kan matse, galibi tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙugu. Mutum na tafiya sai ƙafa ta yi nauyi ta sage, in ya zauna ko ya sunkuya ta saki. Baba yakan ce ruku'u ya fi masa tsayuwa sauƙi.

Kuskurenmu na farko kemis ne. Shekara biyu ina sayo masa haɗin ƙwayoyi na "sanyin ƙashi", ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Ashe diclofenac ne da piroxicam da dexamethasone a ƙulli ɗaya. Ciwo ya lafa, mu yi hamdala, har ranar da bayan gidansa ya fito baƙi kamar kwalta. Gyambon ciki ne ya fashe, sai da aka ƙara masa jini. Haba jama'a! Tsoho mai hawan jini ku riƙa ɗura masa abin da ke cin ciki da ƙoda, don kawai yaron shago ya ce yana aiki?

Na biyun ya fi ci mini rai. Likita ya kawo maganar tiyata, dangi suka yi ca: wai wanda aka yi wa aikin baya ba ya ƙara tashi. Na biye musu. Ban san laka tana ƙarewa wajen ƙashi na 1 ko na 2 na ƙugu ba, ƙasa da nan jijiyoyi ne kamar wutsiyar doki. Aikin shi ne a cire ɗan ɓangaren ƙashi ta baya a buɗa musu hanya, in ƙashi ya goce a ɗaure shi da ƙarfe. Haɗari akwai shi, kamar kowace tiyata. Amma mun yi ta jan ƙafa har silifa ta fara suɓuce wa Baba bai sani ba. Da aka yi aikin raɗaɗi ya tafi, ya koma masallaci da kansa, amma har yau yana jan ƙafar hagu. Jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo ba.

Akwai kuma masu gaggawa, da ganin hoton MRI sai neman kuɗin aiki. Tsofaffi da yawa hotonsu na nuna tsukewa, ba sa jin komai. Wasu gashin ƙashi da tuƙa keke da rage ƙiba sun ishe su. Tiyata ma ciwon ƙafa ta fi magancewa, ba na bayan ba. Ni dabarata ƙirga falwaya: nawa mara lafiya ke wucewa kafin ya nemi zama? A rubuta duk Juma'a, tsawon wata uku. In lissafi na raguwa, a koma wa likita da takardar.

Ƙaho da tsaga ba sa kaiwa wurin. Maɗori ba shi da aiki nan, ba karaya ba ce. Hoton ƙashi na X-ray ba ya nuna jijiya. Allurar baya sauƙi ne na ɗan lokaci. Kwanciya dare da rana ƙara kashe ƙafa take. A auna suga, shi ma yana sagar da ƙafa.

In kuwa fitsari ya riƙe, ko shi da bayan gida suka fara kufcewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ba a jiran taron dangi. A daren nan a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, in sun tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ku kama hanya.