Yadda ake shuka furannin sanyi a tsakar gida a Maradi

Duk dabarar tana ga lokaci. Furen sanyi wata huɗu gare shi a nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da Maris ya kama zai fara yaushi, kafin Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya zama kara. Don haka a zuba iri a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. Wanda ya bari sai Janairu, bai gama kallon furensa ba bazara za ta karɓe.

Sabon shiga ya fara da furen nan mai ruwan ɗorawa mai ƙarfin wari, wanda ake kira œillet d'Inde da Faransanci, ko zinniya. Fetuniya ta fi su kyau, amma ta fi su shagwaɓa.

Ƙasar yawancin gidajenmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na takin tumaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai. Cusa hannu cikin tarin takin: in ka ji ɗumi, bai nuna ba, zai ƙona saiwa. In ka samu baƙar ƙasar fadama daga bakin Gulbi, ƙara kaɗan. Tsohon bokiti ko jarkar da aka yanke sun isa, a dai huda gindinsu.

Binne irin œillet da zurfin rabin santimita, cikin mako guda zai tsiro. Na fetuniya kuwa kamar ƙura yake. Cakuɗa shi da yashi, ka barbaɗa a sama, kar ka rufe, don sai ya ga haske yake tsirowa. Ni da gwangwanin tumatir nake ba su ruwa, wanda na huhhuda da ƙusa. Bakin buta tone irin yake yi.

In tsiro ya yi ganye huɗu, dasa shi da la'asar sakaliya, tazarar santimita 25. Zinniya ba ta son a taɓa mata saiwa, shuka ta inda za ta zauna.

Zaɓi wurin da rana ke kai awa shida, ka kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke bugowa. Ban ruwa da safe, a gindi. In ƙura ta lulluɓe ganye, ɗauraye shi. Tsinke kan tsiron œillet da na zinniya tun suna ƙanana don su yi rassa, kuma duk furen da ya bushe ka cire shi, wani zai fito. A Fabrairu bar kaɗan su bushe a jiki, ka ajiye irin baɗi cikin takarda.

Sai akuya. Bara na bar ƙyaure a buɗe na tafi sallar la'asar, kafin in dawo jar akuyar maƙwabta ta gama da zinniyata kaf, tana tsaye da fure ɗaya a baki. Œillet ɗin ta shinshina ta wuce. A bana na kewaye furannin da waya.