Kurakuran da ke sa hotunan bayanai su cika gungun PowerScale

Hoton bayanai, wato daskararren kwafin yadda folda take a wani lokaci, kusan ba ya cin wuri ranar da aka ɗauke shi. Sai an fara gyara fayiloli ko goge su yake kumbura, domin shi ke riƙe da tsohon abin. Nan ne masu kula da na'urorin ajiyar bayanai na Dell PowerScale, da ake kira Isilon kafin 2020, suke shiga matsala.

Babban kuskuren shi ne a tsara jadawalin ɗauka a SnapshotIQ, manhajar da ke ɗaukar hotunan, ba tare da an sa wa'adin ƙarewa ba. Mu yi lissafi: hoto ɗaya duk awa, 24 ke nan a rana, 8,760 a shekara. Dell na ba da shawarar kada folda ɗaya ta wuce hotuna 1,024, gungu gaba ɗaya kuma, wato dukkan na'urorin da aka haɗa suna aiki tare, kada ya wuce 20,000. Da wannan jadawali, folda za ta kai iyakarta cikin kwana 43, folda uku kuwa za su haura iyakar gungun shekara ba ta zagayo ba. Gyaran bai da wuya. Kowane jadawali a ba shi wa'adi: na awa-awa kwana biyu, na kullum wata guda, na mako-mako ya daɗe gwargwadon buƙatar ma'aikata.

Idan wuri ya cika kuma, sai hankali ya tashi, mutum ya buɗe jerin, ya zaɓi hotunan da suka fi girma a tsakiya ya goge. Wannan ne ya fi damuna. A OneFS, tsarin da ke tafiyar da PowerScale, tsohon hoto yana dogara da waɗanda suka biyo bayansa. In ka cire na tsakiya, dole tsarin ya kwashe bayanan da hoton da ya riga shi ke buƙata ya mayar masa. Ka wahalar da faifai, wurin da ka samu bai taka kara ya karya ba. Ka fara da mafi tsufa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ko bayan gogewa, kada ka sa ran ganin fili nan take. Aikin SnapshotDelete ne ke share su a bayan fage, kuma ba ya gudana idan akwai faifai ko na'urar da ta mutu a gungun, sai aikin FlexProtect, mai sake gina bayanan da ke kan abin da ya mutu, ya gama gyaransa. Umarnin isi job status zai nuna maka inda aka kwana. Ƙara goge wasu ba zai hanzarta komai ba.

Hotunan da sunansu ya fara da SIQ na SyncIQ ne, manhajar da ke kwafe bayanai zuwa wani gungun; da su yake gane abin da ya canza tun kwafin baya. Kada ka taɓa su da hannu, in ba haka ba kana iya sake tura komai daga farko.

Wasu kuma suna ɗaukar hoton /ifs, babbar foldar da ta ƙunshi duk bayanan gungun, ɗungurungum don gudun wahala. Hakan na nufin har fayilolin wucin gadi da ake rubutawa a goge kullum an adana su. A ware foldar da ke da muhimmanci kawai.

Sannan hoto yana zaune ne a kan gungun da yake karewa; gobara ko ambaliya in ta ci ɗakin, ta haɗa da shi. Abin da ake son riƙewa shekaru, a tura shi wani gungun ko kaset ɗin ajiyar bayanai, a rage wa wannan nauyi.