Yadda Ake Tuƙi a Titin da Layukansa Suka Goge

A garin Drachten na ƙasar Holan, da gangan hukumomi suka cire layuka da alamomin wasu tituna, bisa hujjar cewa direban da bai ga layi ba yakan rage gudu, ya ƙara lura da masu tafiya a ƙasa. Dabarar ta dace ne da ƙananan titunan cikin gari. A Legas kuwa, ruwan sama da tayoyin tireloli ne suke cinye fentin, ko kuma a zuba sabuwar kwalta a jinkirta shafa shi.

Idan ka hau irin wannan titi, a Agege ne ko a hanyar Apapa zuwa Oshodi, ka fara da sassauta gudu, sannan ka riƙe hannun dama, wanda Najeriya take bi tun 1972. Bakin kwalbati ko shingen tsakiya shi ne ma'auninka, ba danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ba, domin direbanta fasinja yake nema, kuma yana iya taka birki a ko'ina. Ka bar tazarar daƙiƙa 3 tsakaninka da motar gaba, ka ninka ta idan ana ruwa. Da dare kuma, kada ka wuce tirela a kwana, domin direbanta ba ya ganin ƙaramar motar da ta raɓe shi.