Darasi na 9: Yadda jijiya ke warkewa bayan an sa mata ragar ƙarfe

Idan kitse ya taru a bangon jijiyar da ke kai wa zuciya jini har hanya ta tsuke, likita kan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta matsematsi, ya hura ɗan balan-balan a wurin, sai ya bar wata 'yar ragar ƙarfe ta tokare bangon. Sunanta sitent, faɗinta kamar milimita 2 zuwa 4 ne. A 1986 aka fara sa wa mutum ita a jijiyar zuciya, a Faransa.

To mutane da yawa da zarar an sallame su sai su ce shi ke nan an gyara, alhali a ranar ne ma jiki zai fara nashi aikin. Buɗe jijiyar nan rauni ne aka yi mata daga ciki, ga kuma baƙon ƙarfe tsirara jini na gogarsa, shi kuwa jini halinsa ne in ya ga rauni ya daskare a kai. A hankali wata siririyar fata mai santsi da ke shimfiɗe a cikin jijiya take yaɗuwa ta lulluɓe ƙarfen, kamar yadda magini ke rufe rodi da siminti, daga nan ya zama ɗan gida ba a kuma ciro shi.

Matsalar ita ce wani jikin yakan wuce gona da iri, naman tabo ya yi ta tohowa ta cikin ragar har hanya ta sake tsukewa cikin 'yan watanni, da tsohon samfurin kusan mutum 2 ko 3 cikin 10 haka ta same su. Shi ya sa tun wajen 2002 aka kawo mai ɗauke da magani a jikinsa, yana saki kaɗan-kaɗan yana hana tabon yawa. Amma fa maganin nan yana jinkirta fatar mai santsi ita ma, abin da kan rufe a kamar wata guda sai ya ɗau watanni.

Nan ne dalilin shan ƙwayoyi biyu masu hana jini daskarewa a kan ragar, asfirin da wani kamar kilofidogirel, galibi wata 6 zuwa 12. Don Allah kar ka ce ai na ji sauƙi ko kuɗi sun ƙare ka ajiye, gudan jini na iya toshe ragar lokaci guda, bugun zuciya ke nan, wani ba ya ko kaiwa asibiti. Za a cire maka haƙori ne, ko ƙaho za ka je wajen wanzami, ko azumi ya zo kana son sauya lokacin sha, tambayi likitanka tukuna. Sigari kuwa a bar ta kawai, kuma a kula da suga da hawan jini.

Akwai kuma jijiyar roba ta Dacron ko Teflon da ake ɗinkawa a manyan jijiyoyi. Ita fatar ba ta rufe ta duka a jikin mutum, daga bakin ɗinki take ɗan shiga ta tsaya, shi ya sa a ƙananan jijiyoyi likitoci suka fi son ciro jijiyar mutum ta ƙafa ko ta ƙirji su yi amfani da ita.

Aikin gida: rubuta sunan ƙwayoyin nan biyu a littafinka, sannan ka yi wa na kusa da kai bayanin abin da ke faruwa in an daina shan su da wuri.