Kafin ku saya wa tsoho tablet, ku dubi hannunsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar uwa ta tambaya wane tablet ya dace da mahaifiyarta mai karkarwar hannu. Mun sha wannan da Babanmu bayan shanyewar ɓarin jiki.

Ku ɗauki mai faɗin inci 10 ko 11. Galaxy Tab A9+ na Samsung da iPad na ƙarni na 10 duk nauyinsu bai kai rabin kilo ba, amma ko hakan ya yi wa raunanan hannu yawa. Ku haɗa da majingini, a ajiye shi kan tebur ko matashi.

Babbar matsalar ita ce taɓawa. Baba zai danna sau ɗaya, yatsa ya yi rawa, na'urar ta lissafa uku, sai ya fusata ya ture ta. A iPad ku kunna Touch Accommodations, a Samsung kuma Ignore repeated touches, duka suna cikin sashen Accessibility na Settings, saituna ne da ke hana na'urar lissafa taɓawar da aka maimaita bisa kuskure. Daga ranar muka samu lafiya.

Cajin ya zama USB-C, ta kowace fuska yake shiga. Rubutu kuwa kar ku wahalar da su, saƙon murya na WhatsApp ya wadatar. Ku koya musu jan alamar makirufo sama ta kulle, ba sai sun riƙe ba.