Yadda ake neman kuɗin bincike, daga bakin mai karɓar takardun

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a ofishin kula da bincike na wata jami'a a Arewa, kuma teburina ne na ƙarshe da takardar neman tallafi take bi kafin shugaban jami'a ya sa mata hannu. Duk shekara muna shirya bita ta kwana uku kan wannan sana'a. Zaure ya cika, a ci shinkafa da kaza, a raba satifiket, kowa ya kama gabansa. Bayan an watse, mutum biyu ko uku sukan biyo ni ofis su ce, "Malam, to yanzu daga ina zan fara?" Abin da nake faɗa musu ne zan rubuta a nan.

Abu na farko da nake gaya musu yana ba su haushi. Yawancin takardun da na ga sun faɗi, tun a bakin ƙofa suka mutu, kafin wani masani ya karanta ilimin da ke ciki: shafi ya wuce adadi, babu sa hannun da aka nema, kasafi bai dace da aikin ba, ko an tura bayan an rufe. Rubutun kansa rabin aikin ne. Sauran rabin aikin ofis ne, wanda malamai suke ganin ya yi musu ƙanƙanta.

Ka fara da sanarwar masu ba da kuɗin. Ka buga ta a takarda, ka ɗauki jan biro, ka ja layi ƙarƙashin wa ya cancanta, shafi nawa, wane abu ne ba sa biya, da rana da sa'ar rufewa. Sa'ar ma ka duba agogon wace ƙasa ce. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, takan rufe da ƙarfe 5 na yamma agogon garin mai nema, wasu kuma da agogon ƙasarsu suke aiki.

Idan ba ka taɓa riƙe tallafi ba, ka fara daga gida. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ETF na 1993, tana samun kuɗinta ne daga harajin da ake cira daga ribar kamfanoni, kuma makarantun gwamnati kaɗai take ba wa, na tarayya da na jiha. Tana da ƙaramin tallafi da ake kira IBR, wanda kwamitin makarantarka yake tantancewa kafin a tura Abuja. Tana kuma da babba, NRF, inda kake gogayya da duk ƙasa: ka fara tura gajeren bayani, in ya tsallake a ce ka kawo cikakkiyar takarda, in ta tsallake a kira ka ka kare ta a gaban kwamiti. Na sha ganin wanda bai taɓa kammala IBR ba yana hararar dala dubu ɗari biyar daga waje. Mai ba da kuɗi yana son ya ga an taɓa damƙa maka kaɗan ka riƙe amana. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero ba da rana ɗaya ta shiga cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a 2014 ba. Akwai tarihin aiki da aka nuna.

Sai rajista, wadda ba a fafe gorarta ranar tafiya. Lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, minti kaɗan ake yin ta, ka yi yau, ka zuba wallafe-wallafenka a ciki. Amma kuɗin gwamnatin Amurka sai jami'arka tana da rajista a shafinsu na SAM.gov, tana da lambar shaida ta UEI wadda ta maye gurbin DUNS a Afrilun 2022, kuma rajistar duk shekara ake sabunta ta. Wannan ba kai za ka yi ba, ofishinmu ne, kuma yakan ci makonni. Ka zo mana wata biyu kafin ranar rufewa. Wanda ya zo ana saura kwana uku, sai dai mu ba juna haƙuri.

Yanzu rubutun. Ka ɗauka mai tantancewa mutum ne gajiyayye, an jibga masa takardu masu yawa, yana karanta taka bayan sallar isha. Shafin farko ne yake yanke maka hukunci. Malamanmu sun saba buɗewa da "noma shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Najeriya", su yi shafi uku suna kewaye kafin su taɓa maganar. Gwada wannan maimakonsa: a 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, manoman Kadawa da Kura har yanzu da feshin magani suka dogara, tsutsar kuma tana saurin sabawa da maganin, mu za mu gwada hanya kaza a gona kaza cikin rani biyu, mu auna ɓarna da kuɗin da manomi ya kashe. Layi biyar, mai karatu ya san matsalar, ya san inda giɓin yake, ya san abin da za ka yi. Gidauniyar Gates, a shirinta na Grand Challenges Explorations da ta fara a 2008, shafi biyu kacal ta riƙa karɓa a kan dala 100,000, ba tare da ta nuna wa masu tantancewa sunan mai nema ba. Ko ba can za ka nema ba, ka gwada matse tunaninka cikin shafi biyu. In ya ƙi shiga, bai nuna ba tukuna.

Manufofi uku sun isa. Kowace manufa ta sami hanyar aikinta, kowace hanya ta sami layinta a kasafi, kowane layi ya sami watansa a jadawali. Ni da fensir nake bin wannan zaren, inda ya katse in mayar maka da takardarka. Wajen haɗa tawaga ka nemi mai ilimin ƙididdiga tun farko, shi zai gaya maka gona nawa ko mutum nawa suka isa, sannan ka sa ɗalibin digiri na biyu ko na uku wanda aikin zai amfana. Kuma don Allah kada ka sa sunan wani farfesa ba da saninsa ba. An taɓa kiran wani dattijo a waya ana tambayarsa game da aikin da bai taɓa jin labarinsa ba. Ni na ji kunyar, mai takardar kuwa ya daɗe bai bi ta ƙofar ofishinmu ba.

Kasafi shi ne inda nake ɓata mafi yawan lokacina, domin a nan ake gane wanda ya taɓa zuwa fili da wanda ya zauna a ofis ya ƙiyasta. Kada ka rubuta "sufuri, naira miliyan 2" ka wuce. Tafiya nawa, kilomita nawa, lita nawa, mutum nawa, kwana nawa? Ka nemo farashi a rubuce daga dillalai, ka ajiye takardun. Abubuwan da kullum ake mantawa: man janareta na firjin da zai ajiye samfur, kuɗin kwastan na sinadaran da za a shigo da su, cajin banki, data, ladan masu taimaka maka a ƙauye da tafinta in yaren wurin ba naka ba ne, gyaran na'ura, da kuɗin buga sakamako a mujalla. Wanda ya manta da waɗannan, daga albashinsa zai biya.

Ga kuma canji. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin watan ya ƙare ta haura 700, a farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Duk wanda ya yi kasafi da naira don sayen na'ura daga waje a wannan tsakanin, ya ga ta kansa. Saboda haka ka rubuta farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranar da ka ɗauko shi, ka sa manyan sayayya a watannin farko, ka duba ko sanarwar ta yarda da ɗan kaso na ko-ta-kwana.

Akwai kason da jami'a take ɗauka na wuta da ruwa da ɗakin gwaji da ma'aikatan da suke riƙe maka lissafi. Malamai suna jin zafinsa kamar an yanki namansu. Kowane mai ba da kuɗi yana da iyakarsa: NIH kashi 8 cikin ɗari take ba wa cibiyoyin da ba na Amurka ba, Gidauniyar Gates takan kai har kashi 15. Ka tambayi ofishinku tsarin jami'arku, ka sa shi a kasafi tun farko. In ba ka sa ba, za a cire shi daga kuɗin aikinka, mu yi ta rigima a banza.

Jadawali kuma ka yi shi da kalandar garinku. Tumatirin rani da kaka ake dasa shi. In kuɗi ya fito bayan lokacin dashen ya wuce, ka rasa shekara guda cur. Mai binciken gero ko dawa, in damina ta wuce shi sai baɗi. Da azumi ba ka tara mata a yi hira ta awa biyu da rana, da tsakiyar damina wasu hanyoyin ƙauye ba sa biyuwa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakunan gwaji a kulle. Ka bar wa kanka sarari, ka kuma rubuta abin da za ka yi in hanyar farko ta toshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, masu tantancewa sun fi yarda da wanda ya faɗi inda aikinsa zai iya tuntuɓe.

In aikinka ya shafi mutane, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma na harkar lafiya ya zama mai rajista da NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Takardar neman yardar mutane ka fassara ta zuwa Hausar da za su gane, a karanta wa wanda ba ya karatun boko. Gaisuwa wurin hakimi ko dagaci wajibi ce, amma amincewarsa ba ta ɗauke maka neman yardar kowane mutum shi kaɗai.

To, a ce Allah ya sa an dace. Ka sani yarjejeniyar tsakanin mai ba da kuɗi ce da jami'a, kai jagoran aiki ne kawai. Kada ka sa hannu a kan komai sai ofishin bincike da lauyan jami'a sun karanta, musamman sashen da ya ce wa ya mallaki bayanan da aka tattara da kayan da aka saya. Kuɗin ba zai shigo asusunka na albashi ba. Ka je ofishin ma'aji da ƙafarka, ka gaisa, ka san akawun da zai riƙe fayil ɗinka, ka ba shi kwafin kasafin, ka tambaye shi kwana nawa takardar biya take ɗauka. Lokacin da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015 hanyar fitar kuɗi a makarantun tarayya ta ƙara tsawo, kuma babbar sayayya tana bin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, da neman farashi daga dillalai daban-daban. Wanda ya san haka yakan shigar da buƙatarsa tun kafin ya matsu.

Duk kuɗin da aka ba ka a hannu sai ka yi abin da muke kira ritaya, wato ka dawo da rasit na kowane kwabo. Rasit ɗin gidan mai da na POS rubutunsu yana gogewa cikin 'yan watanni, don haka ka ɗauki hotonsa ranar da aka ba ka. Manomi ko mai babur da ba shi da rasit, ka tafi da takardar da zai rubuta suna ya sa hannu ko ya dangwala. Kada ka ɗebi kuɗin wani layi ka zuba a wani, ko da dalilinka ya kai dalili, sai ka rubuta wa masu kuɗin sun amsa maka a rubuce. Na san malamin da ya sayi inbata da batura da kuɗin halartar taro, domin wuta tana ɓata masa samfur. Tunaninsa daidai ne, amma odita ya ce babu izini, sai da ya mayar da kuɗin daga aljihunsa, kashi na biyu na tallafin kuma ya makale wata da watanni. Imel ɗaya da ta raba shi da wannan wahala.

Yawancin tallafi kashi-kashi ake sakinsa, kuma rahotonka ne mabuɗin kashi na gaba. Ka rubuta ranakun rahoto a bango. In ka ga lokaci ba zai isa ba, ka nemi ƙarin wa'adi tun da sauran watanni, kada ka bari ranar ta wuce. Rahoton ƙarshe da ka ƙi kawowa ba kai kaɗai yake ɓata wa suna ba, yana iya tare wa na bayanka hanya, shi ya sa nake bin mutane har ofishinsu ina naci kamar mai bin bashi.

In kuma wasiƙar haƙuri ce ta zo, ka ajiye ta mako guda har zuciya ta huce. Sannan ka ɗauko sharhin masu tantancewa, ka raba takarda gida biyu, abin da suka ce a hagu, abin da za ka gyara a dama. Inda suka ce ba su gane ba, ka ba wa abokin aiki daga wani sashe ya karanta maka wurin da ƙarfi, ka ji inda zai yi tuntuɓe. Daga nan ka kawo mana mu duba sanarwar da za ta fito nan gaba, tun da sauran wata biyu.