Yadda za ka wayar wa mutane da kai ba tare da ka raina musu hankali ba

Yanzu duk wanda ya sa data sai ya kunna kamara ya ce wayar da kan al'umma yake, amma in ka saurara rabin maganar gori ce, mutanenmu ba su waye ba, mutanenmu kaza. Wallahi ba haka ake aikin ba. Mu 'yan Zariya ya kamata mu fi kowa sani, don a garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Hausar da in mutum ɗaya ya karanta a zaure kowa zai gane.

Kafin ka buɗe baki ka tabbatar da maganar. Wa ya faɗa, yaushe, a ina? In ta lafiya ce tambayi likita, asibitin koyarwa na Shika ba nisa, in ta noma ce ga cibiyoyin binciken noma da wayar da kan manoma, IAR da NAERLS, nan Samaru, aikinsu ke nan. Ka tuna 2014 lokacin Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, yawancin masu turawa da kyakkyawar niyya suka tura, amma an kwantar da mutane a asibiti har an rasa rai.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne sauraro, kuma ni a wajena shi ne rabin aikin. A 2003 da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Arewa, mutane cewa suke ta yaya za a biyo mu har gida da wannan kyauta alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Tambaya ce mai ma'ana, duk wanda ya amsa ta da kalmar jahilci ya rufe wa kansa ƙofa. Sai da aka zauna da sarakuna da malamai da masu unguwanni, mata suka riƙa shiga gida gida suna bayani a tsakar gida, kafin aka kai Agustan 2020 da WHO ta ce an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. To kai ma fara da mai unguwa, ka je ka gaishe shi, ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu, ka roƙi liman ya sanar bayan sallah. In mata kake son saƙon ya isa, nemi malamar Islamiyya ko ungozoma, bakinsu ya fi naka shiga.

Sannan ka ba mutum abin da zai yi, ba kukan matsala kawai ba. Kar ka tsaya a "ku je ku yi katin zaɓe", ka ce daga shekara 18 ne, kyauta ne, ofishin INEC na Zariya daban na Sabon Gari daban, ga ranar rufewa. Saƙon murya kar ya wuce minti biyu, ɗan kasuwa a Tudun Wada ba zai bar ciniki ya saurari lacca ba, kuma ka rage Turancin nan don Allah.

In ɗan siyasa ko kamfani ne ya biya kuɗin shirin, a rediyo ne ko a Facebook, ka faɗa tun farko, mutane na da haƙƙin sanin talla ce. In kuma daga baya ka gano akwai kuskure a abin da ka yaɗa, gyaran ya fita a duk gurup ɗin da ka tura na farko, da muryarka, a ranar.